Zuwa ga Baba Iro, wanda ya tare mini katako

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba Iro. Gaisuwa ta ladabi da girmamawa daga ɗalibarka Hadiza, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji a makwancinka. Na san wannan wasiƙa ba za ta iso gare ka ba. Mutane ne za su karanta, kuma ina so su ji.

Lokacin da kamfanin wutar lantarki ya ɗauke mu koyon aiki, ni kaɗai ce mace a cikin sabbin injiniyoyin. Kowa ya so a ajiye ni a ofis gaban kwamfuta. Kai ne ka miƙo mini hular kwano da safar hannun da ta yi mini yawa, ka nuna mini bayan mota. Ka ce, "Wuta ba ta san mace ko namiji ba, mai sakaci kawai ta sani."

Kullum da safe a bakin tashar Kawo kake tsayawa ka ɗauke ni, da ƙosai a leda kan cinyarka. Kai ka koya mini hawa turken wuta, da gwada waya kafin in kai hannu ko da an rantse mini an kashe layin. Yatsunka biyu na hagu da wuta ta ƙanƙame ba ka taɓa ɓoye mini su ba. Da su kake nuna mini fiyus.

Ranar da aka tura mu wata unguwa gaba da Katabu, rana tsaka ce. Taransifomarsu ta ƙone, aka ce mu ɗauko ta a kai wurin gyara. Ba mu san cewa a bara wasu sun zo da riguna irin namu sun kwashe musu waya ba. Ba mu san sun gaji da duhu har sun daina tambaya ba.

Ina saman tsani ina kwance ƙusoshi na ji an yi ihun ɓarayi. Dutse na farko ya fasa gilashin motar. Na biyu ya same ni a kafaɗa. Mutanen unguwar suka kama tsanin suna girgizawa, ni kuwa ina maƙale da turke, ina ganin kawunansu suna ƙaruwa daga kowane lungu, wasu da gora, wasu da ƙarfen rodi. Direbanmu ya sha da ƙyar, jini na zuba daga kunnensa.

Kai ba ka gudu ba. Ka riƙe tsanin da hannu biyu ana dukan bayanka har na sauko. Ka ɗaga katin aikinka sama, wani ya fizge ya jefa a kwata. Aka yage mini hijabi, aka ja ni a ƙasa, aka taka mini hannu da takalmi har na ji ƙashin ya ba da sauti.

Sai na ga wani saurayi mai jar riga ya ɗaga katako, da ƙusa a bakinsa, ya nufo kaina. Ka faɗo a kaina, Baba. Na ji saukar katakon a jikinka kafin in ji nauyinka. Ya sake, ya sake. Jininka mai ɗumi ya cika mini ido da baki. Abin da kake ta maimaitawa kawai shi ne, "'Yata ce, ku bar ta."

Ba ka haife ni ba. Ko wata shida ba mu yi da sanin juna ba.

Wani limami da dattawa ne suka ratsa taron suka kwanta a kanmu. A bayan a-kori-kura aka kai mu asibiti, kanka a cinyata. Kafin mu wuce Kawo ka daina amsa mini.

Mahaifina ya ce in bar aikin, zai nema mini gurbi a ma'aikatarsu. Na zauna a gida har aka cire mini filasta, sannan na koma. Hannun yana yi mini tsami idan na riƙe sufana, amma yana aiki.

Makon jiya aka gama gyaran taransifomar. Ni na roƙa a sa ni cikin masu mayar da ita, da 'yan sanda a bayanmu. Muka isa unguwar. Wata tsohuwa ta kawo mana ruwa a kwano tana kuka, na kasa sha. Mai jar rigar yana tsare, amma na gane wasu fuskokin a bakin shago, suka sunkuyar da kai. Da hannuna na ɗaga makunnin. Yara suka ɓarke da murnar an kawo wuta, suna tsalle daidai wurin da ka faɗi.

Mama Asabe, matarka, ta ce ta yafe musu. Ni ban kai nan ba tukuna, Baba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya karɓi shahadarka, Ya haskaka kabarinka, Ya raya abin da ka bari. Ya sanyaya mini zuciya kamar yadda Ya sanyaya ta Mama.

Taka har abada,
'yarka Hadiza.