Odum ɗin Papa

Zuwa ga Yaya Boakye,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kai da Auntie Dufie da yara kuna lafiya, kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Maame, mahaifiyarmu, na gaishe ka. Idonta dai sai a hankali.

Masu katako sun shigo yankinmu na Sefwi da takardar gwamnati. Ka san dokar: itatuwan koko da muka dasa namu ne, amma duk bishiyar da ta tsiro da kanta tasu ce. A gonar maƙwabcinmu Agya Nimo sun kayar da guda, ta murƙushe masa koko layi-layi, motarsu ta take sauran. Jiya na ga ɗayansu yana leƙen babban itacen odum ɗin da Papa ya bari a tsakiyar gonarmu.

Agya Nimo ya ce mini, Serwaa, in ba ki kashe shi da hannunki ba, za su kashe miki shi a kan kokonki. Wai in ɗaye ɓawon gindinsa ya bushe a tsaye, ba mai son mataccen itace. Na tuna masa tsohuwar gonarsa da ya yi wa haka: ƙasa ta koma ja, ta yi tauri, rana ta ƙone koko. Ya ce wadda ta ƙone tana ba shi rabin kwando, wadda aka murƙushe ko ƙwaya babu.

Yaya, a ƙarƙashin odum ƙafa na nutsewa cikin ruɓaɓɓen ganye. Ƙasar baƙa ce, da sanyi, cike da tana. Ka faɗa mini abin yi.

Ƙanwarka,
Serwaa

Yaya Boakye,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Amsarka ta iso, ka ce in yi abin da na ga ya dace. Na gode, mutumin Kumasi.

Na yi. Da addar Papa na kewaye gindin, na ɗaye ɓawon. Masu katako sun zo, sun dubi sama, sun wuce.

Yanzu odum na bushewa, ganyensa na zuba dare da rana. Shekaranjiya na kai Maame gona, tana dafe da kafaɗata. Ta taka ganyen, ta duƙa ta damƙi ƙasa ta shinshina, ta ce odum ɗin Papa bai taɓa ciyar da gona kamar bana ba. Har ta ce baɗi mu ƙara dasa koko a inuwarsa.

Ba ta san abin da na yi masa ba. Na ce mata to. In ka zo Kirsimeti, kai ma ka ce mata to.

Ƙanwarka,
Serwaa