Amaryar da Ba Ta Wurin Ɗaurin Aurenta

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya mutanen gida duka?

Kawu, an hana ni iƙama, wato takardar zama. Mun je ofishin shige da fice a Wustul Balad, can tsakiyar birni, aka raba ni da Ustaz maigidana, kowa da ɗakinsa. Jami'in ya tambaye ni su wa na gani a wurin ɗaurin aurenmu. Na ce ai ba na wurin, ina cikin gida da lalle a ƙafa, kawuna ne ya bayar da ni a masallaci. Ya daɗe yana kallona, sannan ya rubuta wani abu. Wai tunda ba na wurin, auren takarda muka yi da Ustaz, shi da yake Bamisire, don in zauna. Sun ba ni mako biyu in bar ƙasar.

Ban yi kuka ba. Na dawo Giza na dafa shinkafa, muka ci. Ustaz sai "ma'alish", wato a yi haƙuri, yake ta faɗa, ni kuwa ba na jin komai.

A sa mu a addu'a. A gaida kowa. Kada a gaya wa Inna tukuna, a dai share ɗakina.

'Yarka,
Rabi