Yayata Da Ta Rasu Tana Fitowa A Shirye-shiryen Da 'Yan Fim Suka Zaɓa Mini

Anti Hafsatu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, kuma kar ki sa sunana ko na garinmu, ki ce kawai wata yarinya daga wajen Tsanyawa. Shekarata sha shida. Sau uku ina fara rubuta miki ina gogewa.

Ni ba mai magana ba ce. Inna cewa take sai an leƙa ɗaki ake sanin ina gidan. Littattafan soyayya ne abokan hirata, har in ina surfe labari nake ƙullawa a raina. Na faɗa ne don kar ki ce ai dama mai yawan tunani ce, na san haka, amma wannan da idona na gani.

Bara da kaka 'yan fim suka zo garinmu da mota biyu, suka yi kwana tara suna ɗaukar wani shiri mai dogon zango a gidan mai unguwa. Kowa ya tafi kallo, ni daga bayan danga nake leƙe. Wata mai kula da kayan sawar 'yan wasan, Anti Fauziyya, ta hango littafi a ƙarƙashin hijabina ta yafito ni. Wallahi kamar in nutse. Amma mutuniyar kirki ce, ta zaunar da ni a kan akwatin kaya tana jana da hira. Da na ɗan sake sai na tambaye ta, su da ke cikin sana'ar wane shiri suke ganin ya cancanci kallo. Ta faɗi biyu, sannan ta kira mai ɗaukar hotonsu, wani shiru-shiru Malam Hadi, shi kuma ya faɗi uku. Ya ce in kalle su don a cikinsu ƙauyen gaske aka nuna, kuma shi ba baƙo ba ne a hanyoyinmu. Ta rubuta mini duka biyar a takarda, da lambarta a ƙasa.

Sai bana na samu kallonsu, da Yaya Sama'ilu mai harkar hatsi a Dawanau ya bar mini tsohuwar wayarsa. Ranar kasuwar Tsanyawa na kai aka tura mini a memori. Biyun Anti Fauziyya lafiya lau, har na yi kuka a na biyun don daɗi.

Anti, kafin in ci gaba sai na gaya miki. Ina da yaya mace, Tahira, ita nake bi. Ta rasu shekara biyu da suka wuce, da bazara, kafin ruwan farko ya sauka. Zazzaɓi ne, kwana huɗu. Ba mu da hotonta ko ɗaya, don Baba malami ne kuma ba ya son hoto a gidansa. Ina jin kunyar faɗa, amma har na fara manta yadda fuskarta take.

Rannan da tsakar rana, kowa na gona, gidan tsit, na kunna na farkon Malam Hadi. A kashi na shida, tsakanin wani zance da wani, sai aka nuno siririyar hanya a tsakiyar gero da tsamiya a gefe. Na ce a raina wannan kamar hanyar gonarmu. Sai ga mace can nesa ta ɓullo daga bayan tsamiyar da kwanon abinci a ka, ba ta riƙe shi ba, hannunta na hagu na kaɗawa. Ko daƙiƙa uku ba a yi ba aka ɗauke. Na mayar baya ya fi sau ashirin. Koren hijabi ne. Na ce koren hijabi ai ba na mutum ɗaya ba ne, na kashe wayar.

A shirin Malam Hadi na biyu ta sake fitowa. Hanyar ce, tsamiyar ce, sai dai yanzu ta matso, har ana ganin ƙunar da ke gefen hijabin. Ni na ƙona shi da dutsen guga na gawayi, ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba. Babu wanda zai gaya mini ba ita ba ce.

A na uku, Anti, ta iso. Fuskarta ta kusa cika wayar. Ta tsaya, ta ɗago ido ta kalle ni, bakinta ya motsa, amma kiɗa aka sa a kai ban ji me ta ce ba. Saura kashi tara a shirin, na kasa buɗewa. In a kowanne ƙara matsowa take, daga nan ina za ta?

Na koma na tambayi mai turawa yaushe aka fitar da su. Duka ukun bayan rasuwarta ne, na farkon ma a daminar da ta biyo baya. Kuma da bakinta Anti Fauziyya ta ce mini abin da suka ɗauka yau bayan mako biyu ko uku ake nunawa. A hoton geron ya fi mutum tsawo. To wane gero ne ke nan? Wanda aka shuka bayan an binne ta?

Tsamiyar nan dama tun muna yara ake hana mu wuce ta da rana tsaka ba addu'a. Yanzu ni ke kai abinci gona, kuma na daina bi ta nan, zagaye nake ta bayan makaranta, abincin ya isa da sanyi Baba yana faɗa. Wani lokacin tsoro nake ji, wani lokacin kuma, Allah Ya yafe mini, ji nake kamar in je in tsaya ko za ta fito. Ba na iya cin abinci. Inna ta fara maganar a yi mini rubutu.

Ga abin da ya fi damuna. Tun da Tahira ta rasu, Inna ba ta ƙara kiran sunanta ba. Amma na taɓa jin tana gaya wa Gwaggo, ƙanwar Baba, cewa kullum tana roƙon Allah Ya nuna mata ita ko a mafarki ne, kuma har yau ba ta gan ta ba. Ni kuwa ga ta a ƙarƙashin matashina. In nuna mata? In kuma ba Tahira ba ce, wani abu ne ya ɗauki kamarta, na jawo wa uwata me? In Baba ya ji, na san memorin wuta zai shiga, shi ke nan fuskar ta tafi a karo na biyu. Lambar Anti Fauziyya na hannuna, na kasa kira. Ki gaya mini yadda zan yi.

Ƙanwar Marigayiya

*

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan Tahira, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ku haƙuri. Ni ma da nake karanta wasiƙarki sai da tsikar jikina ta tashi, don haka ba zan ce kin cika tunani ba. Amma ki zauna mu bi abin a hankali.

Na tambayi wata da ta daɗe a sana'ar. Ta ce gaskiya ne zancen 'yan wasa ana iya ɗaukarsa yau a nuna bayan mako biyu. Amma gajerun hotunan nan na hanya da gona da kasuwa, da ake sakawa tsakanin zance da zance, ba lallai ranar aka ɗauke su ba. Mai ɗaukar hoto kan tara su duk inda ya bi, ya adana, ya yi shekaru yana cirowa. Sannan ta yi dariya ta ce duk ɗan sana'ar da aka ce ya zaɓi shiri mai kyau, yawanci wanda hannunsa ke ciki zai fara faɗa. Ki duba sunayen da ke fitowa a ƙarshen shirye-shiryen ukun. Ina kyautata zaton za ki ga Malam Hadi a duka. In haka ne, geron da kika gani na daminar da ta gabaci rasuwarta ne, tana da rai da lafiya tana kai wa Baba abinci. Matsowar da ke tsorata ki kuwa hoto ɗaya ne aka yanka gida uku. Motsin bakinta, zato nake gaisuwa ce, yarinya mai tarbiyya ta tarar da babba a hanya.

Ban ce ki yarda da zatona ba. Ki tabbatar. In kunya ta hana ki kira, ki tura wa Fauziyya saƙo, ki tambayi shekarar da aka ɗauki hoton, ki kuma roƙi a turo muku shi cikakke ba tare da kiɗa ba. Su ma akwai abin faɗa musu, don ɗaukar 'yar mutane a watsa ba da sanin iyayenta ba kuskure ne, kuma Baba na da haƙƙin ya ce a daina. Amma wannan maganar manya ce, ki bar wa Yaya Sama'ilu.

Batun Inna, na auna shi. Akwai uwar da ganin zai sanyaya mata zuciya, akwai wadda zai mayar da ita ranar farko. Ni da ke ba mu san wacce ce ita ba, ita ta sani. Don haka kar ki ɗora mata waya a cinya ba zato. Bayan kin tabbatar, ki samu Gwaggo ki gaya mata komai, ita ta faɗa wa Inna da baki cewa akwai abu kaza, tana son gani ko a'a. In ta ce a'a, ki karɓa, kar ki sake tayarwa.

Baba kuma kar a ɓoye masa. Wanda bai son hoto a gidansa yana da dalilinsa, kuma shi ma 'ya ya rasa. Gwaggo ta san yadda za ta shiga wajen yayanta. Abin da za a roƙe shi ɗaya ne, kar ya yanke hukunci sai Inna ta faɗi nata. Zai yiwu ya ce a goge. Na san da zafi, amma in kika ci gaba da riƙe shi ke kaɗai a ɓoye, kin dai ga yadda ya mai da ke.

Kafin nan ki daina kallon ke kaɗai, ki ci abinci, ki yi addu'arki ki bi hanyar gonarku da wata a tare da ke. Duk lokacin da Tahira ta faɗo miki a rai ki roƙa mata gafara, wannan shi ne zai isa inda take. Allah Ya kwantar miki da hankali, Ya ba Inna ƙarfin zuciya a kan duk abin da ta zaɓa.

Anti Hafsatu