Sharhin Bashir kan Wasan Wuta

Daren Lahadi, Shawwal 1423

Barci ya ƙi zuwa. Ni na sa ɗalibaina su rubuta sharhi kan wasan wutar da mai makarantarmu ya shirya ranar Sallah, kuma na yi alkawarin wanda ya fi kyau za a karanta a lasifika gobe da safe.

Na Bashir ya fi, nesa ba kusa ba. Ya rubuta cewa rabin wutar ba ta tashi ba, hayaƙi ya sa kakarsa tari har suka koma gida unguwar Anbariyya, amma koriyar nan ta ƙarshe ta yi kama da dabino a sama. Wallahi haka aka yi, ina wurin.

Mudir, shugaban makarantar, ya karanta ya ce, "Ya Ustaz, mai makarantar nan fa shi ne kafilinka, da sa hannunsa kake zaune a ƙasar nan. Gyara sharhin." Iƙamata kuwa, takardar izinin zamana, wata mai zuwa za ta ƙare.

Da na tuntuɓi Bashir sai ya ce, "Ustaz, ba kai ka ce mu rubuta abin da muka gani ba?"

Tun bayan isha'i jan biro na hannuna, ban soke komai ba. Gobe zan tsaya kusa da Bashir, ya karanta shi yadda ya rubuta.