Sikelinsu Ne Ke Ƙarya

Litinin, 2 ga Yuni

Yau an ɗora ni a sikeli kamar buhun gishiri. Malamar asibiti ta duba, ta sake dubawa, ta kai wa likita. Wai na ragu da kilo huɗu tun zuwana na ƙarshe. Na ce musu sikelin ne ba shi da lafiya, ba ni ba. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina zagaya kasuwanni ina duba sikelin mahauta da 'yan hatsi, ina buga wa na kirki hatimi, ina ƙwace na ha'inci, ni za a koya wa awo? Likitan ya yi min murmushin nan da ake yi wa tsofaffi. Ko 'yata Auta ta girme shi.

Ya ce in riƙa rubuta duk abin da na ci har ƙarshen wata, in kuma duba da kaina ko cin ya ishi mutum. Ranar 30 za a sake awo.

A mota Auta ta fito da abin da ke ranta. Ita kaɗai ce a kusa da ni, yayyenta duk sun yi nisa. Ta ce in ranar 30 ban ƙaru ba, in tattara in koma gidanta, ta riga ta yi magana da mijinta, akwai ɗaki a bayan kicin. Na san ɗakin. Can suke ajiye teburin guga.

Ba inda za ni. A nan uwarta ta cika, a nan zan jira tawa.

Ga rubutun da ake so. Safe: shayi da burodi. Rana: ina asibiti. Dare: shayi. Hukuncina: awo ya cika, in aka duba wahalar hanya.

Talata, 3 ga Yuni

Shayi da madara, burodi. Da rana na dafa ƙwai, na ci farin, gwaiduwar ta tsaya min a wuya. Ayaba. Ya cika.

Alhamis, 5 ga Yuni

Auta ta zo da robobin abinci, ta jera min a firij. Shinkafa da wake, kifi, ganye. Kowace roba ta rubuta mata sunan rana a murfi, kamar ban san Juma'a ke bin Alhamis ba. Ta ce dumamawa kawai zan yi. Tana magana tana duba agogo, domin daga wurin aiki ta sato jiki. Ko zama ba ta yi ba.

Na dumama ta yau. Na zauna a tebur, na ci cokali uku. Abincin ba laifi, hannun uwarta ta ɗauko. Amma ƙarar cokali a faranti cikin ɗaki shiru, ban taɓa lura tana da ƙarfi haka ba. Na rufe na mayar.

Cokali uku na wake ba abin rainawa ba ne. Wake na gina jiki, tun muna makaranta aka koya mana. Ya cika.

Asabar, 7 ga Yuni

Na sauka na kai wa Tela wandona ya rage min ƙugu. Shagonsa na ƙasan benen nan, daidai ƙarƙashin kicin ɗina, duk yini ina jin kekensa. Ya zagaya ni da tef, ya duba. Sai ya ce wannan ne karo na uku da ya rage wandon nan a bana, in na sake kawowa aljihun hagu da na dama za su haɗu a baya su gaisa.

Na ce yadin ne ke saki. Yadin yanzu ba yadi ba ne.

Ya ce, "To Sufeto, sai dai ka kama masu yadin su ma."

Shayi. Biskit. Rabin lemu.

Talata, 10 ga Yuni

Robar Lahadi da ta Litinin na nan ban taɓa ba. Ba ƙin ci na yi ba, yunwar ce ba ta zo ba, kuma ni ba na cin abinci don agogo ya ce.

Laraba, 11 ga Yuni

Auta ta kira. Ka ci? Na ci. Me ka ci? Yana rubuce. Ta ce in karanta mata. Na karanta, tun da ni ban iya ƙara ko rage abin da ke kan takarda ba. Ta saurara har na gama. Sai ta ce wannan ai ko kaza ba za ta rayu da shi ba.

Na ce kaza ba ta kai shekaruna ba, ba ta san tsimi ba. Ba ta yi dariya ba. Da can tana dariyar irin wannan.

Juma'a, 13 ga Yuni

Na ciro akwatin duwatsun awona na tagulla daga ƙarƙashin gado, wanda ofis ya bar min ranar da na ajiye aiki. Na goge su da toka da lemun tsami har suka yi ƙyalli. Da can da hannu ɗaya nake ɗaukar akwatin nan in hau motar haya. Yau jan sa na yi a ƙasa. Ina jin katakon ya sha danshi ne ya ƙara nauyi.

Litinin zan kai wa sikelin asibiti ziyarar aiki.

Burodi da man gyaɗa. Shayi sau biyu. Ya cika.

Litinin, 16 ga Yuni

Na je. Duwatsu biyu na iya ɗauka a jaka, masu kilo ɗaya-ɗaya, kuma sai da na huta a bencin mai gyaran takalmi, na sake hutawa a bakin kantin magani.

Malamar asibitin ta gane ni. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta kalli layin marasa lafiya, ta kalle ni, ta ce bismillah Baba. Sikelin irin na zamani ne, mai batir, lamba ke fitowa a gilashi. Ba allura, ba ƙugiya, ba inda za ka leƙa ka ga cikinsa. Na ɗora ɗaya a tsakiya. Kilo ɗaya cif. Na matsar da shi kusurwa, inda masu ha'inci ke ɓoye ƙaryarsu. Ɗaya cif. Na bi kusurwoyin duka. Na ɗora na biyu. Biyu cif. Wani mai sanda a layi har da leƙowa.

Ta ce, "Baba, mun ci jarrabawa?"

Na ce da ƙaramin nauyi kowane sikeli na iya faɗin gaskiya, a babban nauyi ake gane halinsa. Na san ba haka ba ne. Ita ba ta sani ba.

Ban ci komai ba da na dawo. Haushi ma ƙoshi ne.

Laraba, 18 ga Yuni

Na sunkuya zan ɗauko tukunya a ƙasan kantar kicin, sai kicin ya juya. Ba faɗuwa na yi ba, zama na yi da sauri. Tukunyar ce ta yi ƙara. Keken Tela ya tsaya, sai ga shi ya hau da tef a wuya. Ya tarar da ni a ƙasa, na jingina da firij. Na ce ina duba wani abu ne a ƙarƙashin kanta. Ya ce to, shi ma bari ya taya ni dubawa, ya zauna a ƙasa kusa da ni har kaina ya daidaita, sannan ya ɗaga ni.

Na sa shi ya yi alkawari ba zai gaya wa Auta ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Da azahar Tela ya hau da kwanon abincinsa. Wai shagon ya yi zafi, kuma matarsa na zuba masa abinci kamar su uku ne a kan keken. Taliya ce da kifi. Ya ɗauko faranti biyu a kicin ɗina ba tare da ya tambaya ba. Surutu gare shi. Labarin wani ango da ya kawo ɗinki ana gobe ɗaurin aure, labarin ƙaninsa da ya sayi babur ba birki. Kafin ya gama na ga farantina ya koma fari.

Don kada in kunyata baƙo na ci. A rubuta hakan.

Lahadi, 22 ga Yuni

Juma'a da Asabar ma ya hau. Yau shago a rufe. Shayi. Na buɗe gwangwanin kifi, mabuɗin ya karye a hannuna, na bar shi.

Laraba, 25 ga Yuni

Na karanta abin da na rubuta tun farkon wata, da idon aiki, kamar na wani ne aka kawo min. Da ɗan kasuwa ne ya miƙo min wannan ya ce awo ya cika, da na rufe masa rumfa.

Amma cin kwana huɗu ba zai mayar da abin da ya tafi kafin Litinin ba, kuma ɗakin guga na jirana. Za a riƙa ƙwanƙwasa min a ce Baba fito ka ci, Baba ka sha magani, Baba kada ka hau, Baba kada ka sauka. Mijinta mutumin kirki ne, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Zai riƙa rage muryar rediyonsa a gidansa saboda ni.

Na sauka wurin Tela da babbar rigata. Na ce ya ɗinka min aljihu biyu daga ciki, masu ƙarfi, ɗaya kowane gefe, daidai ƙugu. Ya tambayi abin da za a sa. Na nuna masa girman da hannu. Ya ajiye almakashi ya dube ni.

"Sufeto, in mahautan da ka kama suka ji wannan, sai sun yi sati ba su buɗe rumfa ba don dariya."

Na ce ɗinki na kawo, ba wa'azi na zo ji ba. Ya ɗinka. Bai yi min labarin kowa ba yau.

Lahadi, 29 ga Yuni

Na gwada rigar da duwatsun a ciki. In na taka a hankali ba sa kaɗawa. Na tuna wani mahauci da ya manna dalma a ƙarƙashin farantin sikelinsa da ƙaro. Aikinsa bai kai nawa tsafta ba.

Shinkafa, rabin faranti.

Litinin, 30 ga Yuni

Auta ta zo ta ɗauke ni. Ta ce rigar nan ba ta yi min zafi ba? Na ce sanyi nake ji.

Na hau sikeli. Lamba ta fito. Malamar ta ce ma sha Allah, Baba ya ƙaru da kilo ɗaya da wani abu. Likita ya ce to madalla, tun da haka ne a ɗage gwajin jini da hoton da ya so a yi, a bar ni in ci gaba yadda nake yi. Na ci nasara ke nan. Gidana ya zama nawa.

Sai Auta ta kama hannuna da hannu biyu, a gaban mutane. Idonta ya cika. Ta ce, "Ashe kana ci, Baba. Ka yafe min, ni na ɗauka zubarwa kake yi." Ta ce wata guda ba ta yi barcin kirki ba, tana tashi da asuba ta dafa kafin ta tafi aiki, tana tunanin ko gishirin ne bai yi min ba.

Ina tsaye a kan sikelin har lokacin. Lambar na nan a gilashi. Sikeli mai gaskiya, ni na gwada shi da hannuna, ga shi yana faɗin ƙarya saboda ni.

Na sa hannu cikin riga na ciro na dama, na ajiye a teburin likita. Na ciro na hagu. Tagulla a kan katako, kowa ya ji. Lambar ta sauka ƙasa da ta farkon wata. Na ce wa malamar ta rubuta wannan.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi.

An ɗebi jini. A mota na shirya faɗa, na tanadi amsoshina duka. Ba ta ba ni dama ba. Sai da muka iso ƙofar gida ta ce, tana kallon sitiyari, "In har sai ka ɗauki ƙarfe a jikinka don kada ka zauna da ni, to zauna a gidanka, Baba. Ba zan sake cewa komai ba."

Talata, 1 ga Yuli

Ba ta kira ba. Na samu abin da nake so. Shayi.

Alhamis, 3 ga Yuli

Mijinta ne ya kawo robobin. Ba a rubuta komai a murfin ba. Ya ce sakamakon jini ya fito, jinina ya yi ƙasa, ga magani, ba wani abin tashin hankali in dai zan ci. Na tambayi Auta. Ya ce lafiyarta lau, aiki ne ya yi mata yawa. Bai iya ƙarya ba shi ma.

Alhamis, 10 ga Yuli

A gidan Auta nake rubuta wannan. Ba komawa na yi ba, kada wani ya ɗauka haka. Ranar Asabar na hau motar haya da ƙaramar jaka na zo in ga lafiyarta, tun da an ce aiki ya yi mata yawa, kuma uba na da ikon duba 'yarsa. Da ta buɗe ƙofa ta kalli jakar, ta karɓa. Kwana biyu na ce zan yi. An yi ta ruwa, shi ya sa.

Sun fitar da teburin guga, ni ban ce a fitar ba. Ɗakin ƙarami ne, kuma komai aka soya sai ya shigo min. A tebur surutu suke yi kamar kasuwa, ita da mijinta, kan wa ya bar famfo a buɗe. Mutum ba ya ko sanin abin da ya ci. Jiya da shekaranjiya na manta ban rubuta ba. Yau dankali da ƙwai da safe, da rana shinkafa da kaza. Gishiri ya ɗan yi yawa, na gaya mata. Ta ce to ƙarin da na karɓa fa? Na ce don in tabbatar ne. Ta yi dariya har da riƙe tebur.

Ƙugiyar rataye hula da ke bayan ƙofa ta yi min tsawo. Na ce wa mijinta in ya samu sarari ya sauko da ita kaɗan. Ba don ni ba. Wanda zai kwana a ɗakin nan gaba, ƙila gajere ne.