Keken Baba Ya Isa Bakin Kogi

Zuwa ga Mamata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya su Yaya da yara? Mu dai lafiyarmu ƙalau, in ban da cinyoyina da suka yi tsami.

Na san za ki ce me ya hana ni ba ki labari a waya. Mijinki ne ya hana. Wai mutumin da ya yi ritaya yana raba wasiƙu a kan keke ba zai yarda a ba da labarin tafiyarsa a waya ba. Waya ta "muna lafiya" ce kawai, sauran sai a takarda.

Mama, ashe haka duniya take da faɗi! Mun wuce gonaki, mun wuce garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, mun hau wani tudu da na rantse ba zan kai ƙarshensa ba. Ina haki, ina addu'a, sai na ji ƙararrawa a bayana, wai tsoho ne yake neman hanya. Amma da muka juyo gangara, iska ta cika min riga, ban san lokacin da na fara ihu ba. Ni da nake wuni a tsaye bayan kanta ina miƙa wa mutane magani, yau ga ni ina gudu ba mai kirana.

Muna bin tsarin da kika gindaya. Ni ce a gaba da rigata ruwan ɗorawa, shi yana bin launin. Da asuba muke tashi, rana na yin zafi mu sami inuwa. Shekaranjiya tayata ta yi faci, ya zare tub ɗin, ya kara a leɓensa, nan take ya gano inda iska ke fita. Hannunsa dai bai tsufa ba.

Idon ne, Mama. Ba zan ɓoye miki ba, tunda ke kika turo ni gadi. Jiya ya tsaya ya yi wa wani durom na man fetur sallama a bakin hanya, har da tambayarsa gajiya. Na yi dariya har na kusa faɗuwa, shi ma ya yi, ya ce gwada ni yake. Amma da yamma wata babbar mota ta fito daga kwana, bai gan ta ba sai da na ƙwala masa kira. Daga nan dariyar ta fita a raina.

Abin da ya fi damuna, alkawarin da ya yi miki a gaban likitan ido, cewa daga bakin kogi ya ajiye keke har abada, na ga alamar ya fara warware shi. Bakinsa ba ya rabuwa da "baɗi in mun dawo". Na tuna masa, ya ce likitan yaro ne, kuma ke tsoro ya yi miki yawa. Ina jin tsoron mu dawo gida ya ci gaba da fita shi kaɗai, ba mai rigar da zai bi.

Ki gaida kowa. Ki daina ɗaukar bokiti da kanki.

Taki,
Auta


Mamata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kin tashi lafiya. Saƙonki na a riƙa sa masa maganin ido ya iso, kuma ana sawa, da faɗa da komai.

Mun iso kogi! Wallahi na ɗauka irin wanda ake hango ɗaya gaɓar ne. Ina! Ruwa ne shimfiɗe, ga tsibirai birjik a tsakiya, wasu da gidaje, wasu ba kowa sai tsuntsaye. Baba ya sauka daga keke, ya tsoma tayar gaba a ruwa, ya ce to, an isar da saƙo. Na jira in ji maganar ajiye keke, sai ya hau tambayar inda ake shiga jirgi.

Mai hayar jiragen wani ƙaton mutum ne mai fara'a, kowa Kyaftin yake ce masa. Ya loda mu da kekunanmu a kwale-kwale mai inji, ya kai mu babban tsibiri. Mun zagaye shi a kan keke, hanya siririya, ba mota ko ɗaya, ruwa a dama, itatuwa a hagu. Baba har sakin hannu ya yi. Ki yi haƙuri, ban iya hana shi ba, ni ma na saki nawa.

Da muka dawo ne na ga wasu ƙananan jirage na roba a jere a kan yashi, dogaye, sirara, masu wurin zaman mutum biyu. Kayak ake ce musu. Ba inji, sai wani filafili mai faɗi a kai biyu da ake tuƙawa da shi. Kyaftin ya sa mana rigunan ceto, ya zaunar da ni a gaba, Baba a baya, ya ce na baya ne ƙarfin jirgi. Ki ga yadda tsoho ya gyara zama da jin haka.

Mama, da kina nan da kin yi dariya har hawaye. Mai keke in zai sha kwana kwantar da jiki yake yi, to haka Baba ya yi, sai ga mu tsamo-tsamo a ruwa iya gwiwa. Muka sake hawa, muka nufi wani kwale-kwale da ke tsaye, ina jin sa a baya yana matse filafili yana neman birki. Kyaftin ya riƙe ciki. Amma kafin la'asar mun iya, muna tafiya sumul, ba ƙara sai ta ruwa. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Gobe za mu je wani ƙaramin tsibiri da ba kowa, mu biyu kawai. Maganar keke kuwa, yanzu haka yana can yana shafa wa sarƙa mai, wai saboda hanyar komawa. Na ce ai a mota za mu koma, ya yi kamar bai ji ba. Ki taya ni da addu'a, don ni bakina ya gaji.

A gaida su Yaya.

'Yarki,
Auta


Mama,

Assalamu alaikum, ina gaishe ki, ina gaida gida duka. Kafin komai, muna lafiya, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Ki zauna tukuna sannan ki karanta.

Mun tafi da hantsi a jan kayak ɗinmu. Kyaftin ya ba mu igiya, ya ce in mun sauka mu ɗaure. Muka isa tsibirin, yashi fari tas, muka ja jirgin rabinsa a tudu. Na ɗauko igiya, Baba ya ce wahalar me, shi tsawon aikinsa jingina keke yake yi a bango ya shiga ya fito ya same shi. Ni ma, Allah ya sani, sai na ga gaskiyarsa, don makonni ke nan inda muka ajiye abin hawanmu nan muke tarar da shi. Na jefa igiyar ciki, tare da jakata da wayata.

Tsibirin kuwa, Mama, sai wanda ya gani. Tsuntsaye farare sun cika wata bishiya har ba a ganin ganye. Ga sawun dabbobi a laka, ga wasu furanni shuɗaye a kan ruwa. Ina faɗa wa Baba abin da nake gani, yana cewa ai ya gani tun kafin ni. Muka ratsa har ɗaya gefen, muka ci guzurinmu, muka yi salla, muka juyo.

Muna fitowa na ga yashin da muka sauka a kai ya ragu. Ashe akwai dam a sama, in an buɗe shi ruwa yakan ƙaru ba sallama. Jirginmu ya tashi, yana juyawa a hankali, bai fi daga ƙofar ɗakinki zuwa bakin get ba. Na kama hannun Baba ina nuna masa, ina cewa ga shi can, ga shi can. Ya juya ya ƙura wa wani wuri ido, can gefe, inda ba komai. Na sake nunawa. Abu ja wur, a kan ruwa, da rana tsaka.

Sai ya ce, "Auta, ban gan shi ba. Ruwan da saman duk ɗaya nake gani."

Ya zauna a kan yashi. Ni ma na zauna, na yi kuka, ba na jirgi ba. Tun da ciwon nan ya fara ban taɓa jin ya faɗa da bakinsa ba. Bai lallashe ni ba, ya dai riƙe hannuna.

Allah ya kawo wata mata mai dakon itace a kwale-kwalenta. Na cire rigar ceto ina kaɗawa ina ihu har ta juyo. Da ta ji ba mu ɗaure jirgi ba, ta kalle mu sama da ƙasa, ta tambaya ko daga ina aka sako mu. Ta ɗora mu a kan itacen, ta tayar da inji, muka bi shi. Kai, Mama, wannan tsere! Ina tsaye ina nuna hanya, tana ce min in zauna kafin in kifar da ita, Baba yana tambaya ko mun kusa. A wata kwana muka same shi ya maƙale a ciyawa, jakata na ciki, ko jiƙewa ba ta yi ba.

Matar ta ce bari ta ja mu zuwa gaɓa, Baba ya ce a'a, da hannunmu za mu koma. Komawar kuwa gaba da ruwa ce, tudu sosai. Ya ce in riƙa faɗa masa dama ko hagu. Ina faɗa, yana tuƙi, jirgi yana tsaga ruwa. Da na waiga sai na ga idonsa a rufe, gumi na zuba, yana murmushi. Ya ce ashe akwai hanyar da ba babbar mota, ba rami, kuma ba sai da ido ba.

Da muka sauka, ya kwance kayansa daga kan keke da kansa. Ya tura shi har rumfar Kyaftin, bai hau ba, kuma hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. Ban san abin da suka ƙulla ba sai da na ga sun tafa. Ya ba da keken, ya karɓi wani tsohon kayak. Kyaftin ya daɗe yana son keken da zai riƙa zagaya babban tsibiri da shi. Baba ya shafa sirdin sau ɗaya, ya juyo, bai waiga ba.

Don haka jibi muna tafe a mota, da jirgi ɗaure a sama. Ya ce tafkin da ke bayan gari ya ishe shi. Na tuna masa cewa hutuna ya ƙare, zan koma kanti, wa zai zauna masa a gaba? Ya ce in ɗauko biro in rubuta miki wannan yadda ya faɗa, kada in gyara:

"Na ajiye keke, na cika alkawari. Amma jirgin nan na mutum biyu ne, kuma ni ba na gani. Kujerar gaba taki ce. Ki ce dama in yi dama, ki ce hagu in yi hagu, dama can haka muke."

Na saya miki rigar ceto daidai jikinki, kuma zama ake yi, ƙafarki ba za ta sha wahala ba. Yana nan kusa da ni yana tambaya ko kina iya cewa a'a. Na ce masa ban sani ba, sai mun iso.

Ki gaida su Yaya, ki ce a buɗe get gaba ɗaya.

Taki har kullum,
Auta