Na Shirya Motar Don Ƙasar Zafi

El Alto, Asabar da yamma

Ya Nilda, hantsina, ɗumin ƙirjina, furen dankalin da raɓa ta kwana a kansa! Ya ke da in kin yi dariya nake jin kamar rana ta faɗo a kan dutsen Illimani ta mai da ƙanƙararsa zinariya! Ya mai ido kamar tafkin Titicaca ranar da iska ta yi barci, mai muryar da ta fi mini daɗi a kan kukan injin da ya zauna daidai, kuma kin san a bakina babu yabon da ya wuce wannan! Ina gaishe ki, ina gaida hannayenki biyu, don su ne dalilin takardar nan. Kin san ban daɗe a makaranta ba, sifana ta fi alƙalami zama a hannuna. In kin ga layi ya karkace ki bi shi a hankali, zai kai ki.

Safiyar Talatar nan da ruwa ya daskare a famfo, na kawo burodi kasuwar Ceja kamar kullum. Na tsaya gefen teburinki, na bar inji a kunne, na ɗauki kwando na tsallaka wajen masu shayi. Kin ɗauka ba na ganin ki. To akwai gilashin kantin magani a gabana, a cikinsa na ga komai. Na ga kin tsoma kofi a bokitin wanki, kin zo ɗagowa yatsunki suka ƙi rufewa, kofin ya koma ruwa. Kika dubi hagu, kika dubi dama. Kika bar tukunyar api tana tururi, kunun masarar nan naki da rabin Ceja ke yi wa layi, kika zo kika ɗora tafukanki a kan bonet ɗin motata, kika lumshe ido. Yatsun da na sani da launin kirfa sun yi fari fat kamar kyandir. Wayyo Nilda! Cikin mutum nawa kika ɗumama a safiyar nan, ke kuwa sai ƙarfe kika samu ya ɗumama ki? Kafin in juyo har kin cusa su cikin mayafi, kina ce mini, "Wilmer, akwalar nan dai ta fi ka amfani." Na yi dariya don na san ita kike so in yi. Amma har na gama rabon burodi hannayen nan ne a gabana, ba titi ba.

Tun kafin wannan safiya kin gaya mini. Muna kasuwar Alhamis, ina tsugune ina tona tarin tsofaffin fitilu, kika ce likita ya ce hannayenki ba za su jure wani sanyin ba. Kika ce ƙanwar mamanki, Doña Justina, ta ce ki sauko Montero ki kama mata rumfar abinci, can ƙasar rake inda mutane ke kwana da fanka. Kika ce bayan bikin San Juan za ki tafi. Sannan kika ce, "Kai fa?" Ni kuma na ce, "Bari in duba." Haka bakina yake, ba ya amsa abin da bai auna ba, ko abokai ne suka ce in saurari injinsu abin da nake cewa ke nan. Daga ranar ba ki fasa gaishe ni ba, ba ki fasa zuba mini api ba, amma ɗan fanken da kike ƙara mini a gefen faranti ya ɓace, in kin miƙo kofi kuma hular kaina kike kallo. Na gane, ya tauraruwata. Kin ɗauki shiruna a kan cewa na zaɓi mota, za ki hau bas ke kaɗai.

Ba zan yi miki ƙarya in ce babu abin aunawa ba. Kin san yadda na sami motar nan: tsohuwar Corolla da ta tsallako teku da sitiyari a dama, babu ƙofa ɗaya, kaji na yin ƙwai a kujerar baya. Ni na mai da sitiyarin hagu. Ni na sauke ta ƙasa har sai na bi tudun titi a karkace kamar ƙaguwa. Ni na haɗa mata salansar da in na shigo layinku karnuka ke sanar da babanki. Kin tuna ranar fenti? Na yini ina gauraya ja da shuɗi ban sami launin da ke cikin kaina ba, kika zo kika kara kofin api a jikin ƙofa kika ce, "Wannan kake nema, makaho." Shi ne kuwa! Tun daga ranar duk inda na shiga a garin nan launin tukunyarki nake yawo da shi, mutane na yaba fenti, ni ina jin sunanki.

Ga kuma Lahadi a hanyar Viacha. Motoci a jere, kowane bonet a buɗe, ƙamshin soyayyen kifi da na ƙonannen taya, a yayyafa wa tayoyi abin sha a zuba wa ƙasa rabonta kafin a tashi tsere. Wa na sani a Montero da zai ji ƙarar injina daga nesa ya ce ga Wilmer nan? A ina zan sami kasuwa irin tamu, da in ka yi haƙuri ko ƙusar motar kakanka za ka tono? Ga mahaifiyata, ko da yake tana hannun yayata, ita ke ajiye mini miyar busasshen dankali a ƙarƙashin bargo don kada ta huce. Can kuwa an ce sauro ba ya jiran magariba. An ce in mun buɗe baki sai mutanen can su kwaikwayi maganarmu su ce ga 'yan tudu sun sauko. Ni da ko ranar bazara rigar ulu biyu nake sawa, ya zan yi da garin da bango ma ke zufa?

Amma babban tsorona abin da ya sami Grover ne, abokin nan nawa mai farar mota. Ke kin ji ana tsokanar sa, ba ki san tushen ba. Nan sama iska ba ta da kauri, don haka duk mai son motarsa ta yi gudu sai ya matse hudar da mai ke bi a cikin kafireto, don man ya zo daidai da 'yar iskar da ake samu. Muna kuma toshe gaban lagireto da kwali saboda sanyi, har mu manta da shi kamar tare aka ƙera su. Grover ya ɗauki motarsa a haka ya gangara Caranavi bikin aure. Ya ce yana sauka injin na ƙara daɗi, ƙarfin da bai taɓa ji ba, sai ya yi ta taka totur yana waƙa. Ashe iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, ga kwali ya hana lagireto shan iska, injin na cin kansa ne yana murna. Ya dawo a bayan motar ayaba, shi a sama, tasa a ɗaure a baya. Har yau in ya iso sai a ce, "Grover, ina tsarabar ayabarmu?" Shi kuma ya ce, "Tana gidan ubanku."

Muna dariya, amma ni na daɗe ina juya abin. Na ce to ni fa? An haife ni a nan, an matse ni daidai da nan. In na sauka, ba haka zan yi ba, in yi murna kwana kaɗan in ƙone a hannunki? Shi ya sa na yi shiru, ya sanyin raina. Na bi direbobin manyan motoci masu zuwa Santa Cruz, babban birnin da ke kusa da Montero, ina tambaya, na sayi shayi na zauna na saurare su. Na tambayi wani mai gidan burodi da ya zauna can, ya ce su ma suna cin burodi, nasu na rogo da cuku ne, hannun da ya iya kwaɓi zai koya. Ina cikin wannan aune-aunen ne Talata ta zo, na ga hannayenki a kan bonet. Daga nan ban ƙara tambayar kowa komai ba. Me ya rage in auna? Hanyar Viacha za ta iya riƙe kofi? Illimani da duk kyansa ya taɓa ɗumama yatsa ɗaya?

Yanzu ga abin da na yi yau da hantsi, a garejin Don Eusebio, dattijon da ke ba mu aron rami da kayan aiki. Na kwance kafireto na ciro 'yan tagullan nan biyu masu hudar mai. Ba su kai ƙwayar masara ba, amma babu abin da ya ci lokacina a motar nan kamar su. Na sha cike su da dalma in sake hudawa, in ɗaura, in zagaya, in ciro fulogi in duba launinsa, sai da ya zama kamar ɓawon burodin da ya gasu daidai na bar su. Su ne sirrin gudun motar. Gobe ne kuma babban tseren shekara, wanda nake shiri dominsa tun bara. Na ajiye su a gabana, na nemi abin huda mai kauri.

Don Eusebio ya kama hannuna ya ce, "Kai Wilmer, sayi wasu ka sa a aljihu mana, ka yi tserenka gobe, in kun gangara kun kai Cochabamba a hanya ka canza kamar mai hankali." Na ce, "Don Eusebio, abin da ke aljihu ana iya fasa sa shi." Yayanki Rómulo na wurin yana ɗaura sababbin tayoyi, kin san shi ne babban abokin karawata, kin kuma san bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Mai burodi, in ka huda abin nan kofin gobe nawa ne fa." Na ce, "Ɗauka, yaya, ka sha api a ciki." Na faɗaɗa su duka biyu, daidai da iskar ƙasar rake. Na ciro kwalin gaban lagireto na miƙa wa Grover ya jefa a wuta.

Da na tayar da ita, ya Nilda, da kin gani da kin yi dariya har mayafinki ya faɗi. Motar da ke tashin tsuntsaye ta koma tari kamar tsoho, baƙin hayaƙi na bin ta. Na fita gwaji, wata ƙaramar bas cike da buhunan dankali ta wuce ni, wata tsohuwa a ciki tana ɗago mini hannu. A nan sama ta gama gudu. Mako mai zuwa zan ɗaga ta daga ƙasa, don an ce titunan can yashi ne da ruwa. Ban ji ciwo ba? Na ji. Amma irin ciwon da mutum ke ji ne in ya shigo ɗaki daga sanyi jini ya fara komawa yatsunsa.

Don haka ina roƙon ki, ya furen zuciyata, kada ki sayi tikitin bas. Ki ba ni izini in zo da mahaifiyata da manyana wajen babanki kafin San Juan, da ganyen koka na taunawa da kwandon gaisuwa yadda aka saba, mu roƙe shi a gaban kowa. Sannan mu ɗaura tukunyarki a bayan mota mu kama hanya. Farkon tafiyar za ki sha haƙuri, za ta yi ta tari, zan riƙa tsayawa ina goge fulogi kina yi mini tsiya. Amma ki saurara da kyau. Muna gangarawa za ki ji muryarta na washewa, hayaƙin na raguwa, duwatsu na komawa kore, har inda za ki cire safar hannu ki fitar da yatsunki ta taga iska mai ɗumi ta bi tsakaninsu. Wace rana ce za ta kai wannan? Wane kofi ne a hanyar Viacha zai kai in ga jini ya dawo hannun Nilda?

In kuwa har yanzu kina fushi kin fi son bas, ki hau. Ki dai riƙa leƙa baya, za ki ga wani abu mai launin api yana biye da ku a hankali. Ni mutum ne mai jira, kin sani. Sauro ya cije ni, mutanen can su kwaikwayi maganata, in narke kamar man shanu a tanda, duk na yarda, muddin inda zan narke kusa da ke ne. Ba zan sauya ba a tudu, ba zan sauya ba a kwari, ba zan sauya ba ranar da gashin kanki ya yi fari kamar kan Illimani. Inda hannunki ya sami lafiya nan ne garina, har ranar da za a rufe ni da ƙasarsa.

Naki, yau da gobe da abin da ya biyo baya,
Wilmer Tarqui

Af, na san ki, za ki ce daɗin baki ne irin na mai burodi. To ba ni kaɗai nake wurin ba. Ki tambayi Don Eusebio, shi ya ba ni abin hudar yana girgiza kai. Ki tambayi Grover, shi ya ƙona kwalin da hannunsa yana cewa ya rama. In kuma kin ce su mutanena ne za su rufa mini, to ki tambayi Rómulo, wanda ko a mafarki ba zai yi ƙarya domina ba. Shi ya riƙe mini tagullan ina hudawa, da na gama ya daɗe yana kallon su, sannan ya ce, "Wilmer, in kun tashi ku biyo ta gida, akwai fankar lagireto sabuwa a ɗakina."